Murfin Bayan Agogo: Na Ƙarfe ko Na Gilashi? Yadda Za Ka Zaɓa Kafin Ka Biya

Tambaya ɗaya masu shirin sayen agogon hannu suka yi ta maimaita mana. An ajiye musu agogo biyu, farashinsu kusan ɗaya, wannan bayansa a rufe ruf da ƙarfe, wancan kuma gilashi ne, ana hango injin yana motsi. Wanne za a ɗauka? Mai shago zai ce na gilashin ya fi daraja. Mai gyara zai ce na ƙarfen ya fi ƙarko. Kowannensu ya faɗi rabin magana ne. Aikin murfin baya na farko shi ne tsare inji daga ruwa da gumi da ƙura, kallo kuwa ƙari ne. A bi matakan nan yadda aka jera su, domin na farkon kaɗai ya isa ya sallami mutane da yawa.

Abin da za ka tafi da shi shago: madubin ƙara girma mai ninki 10 irin na masu gyaran agogo, tocilar waya, ƙaramin kamfas, ƙyalle mai laushi, da ma'aunin kauri idan kana da shi. Ka kuma sa rigar da ka fi yawan sawa. Za ka ga dalili a mataki na 6.

1. Fara da sanin injin da ke ciki

Dubi hannun sakan. Idan yana tsalle sau ɗaya a kowace daƙiƙa, agogon batir ne. Idan yana tafiya a hankali kamar yana silalewa, inji ne mai sifirin, ko dai wanda ake wanawa da hannu ko otomatik mai wana kansa da motsin hannunka. Inji mai bugu 21,600 a awa yana taku 6 a daƙiƙa, mai 28,800 kuma taku 8.

Idan na batir ne, ɗauki murfin ƙarfe, magana ta ƙare. Babu abin kallo a ciki sai batir da naɗin waya da farantin roba. Kamfanoni ma sun san haka. Tissot PRX na batir bayansa a rufe yake, ɗan'uwansa otomatik mai injin Powermatic 80 shi aka yi wa gilashi. Agogon batir kuma ana buɗe shi duk bayan shekara 2 zuwa 3 don sauya batir, don haka abin da kake buƙata shi ne murfin da zai jure buɗewa da rufewa.

Gargaɗi: akwai agogunan batir masu araha da ake liƙa wa faifan ƙarfe mai lilo a bayan gilashi don su yi kama da otomatik. Faifan yana juyawa, amma ba ya haɗe da komai. Idan ka ga faifai yana lilo a baya alhali hannun sakan yana tsalle ɗaya-ɗaya, kuma agogon ba irin su Seiko Kinetic ba ne da aka san suna cajin kansu da motsi, ajiye shi.

2. Dubi ko abin da ke bayan gilashin ya cancanci kallo

Ba kowane inji mai sifirin ne yake da kyan gani ba. Juya agogon, haska tocila a karkace, sa madubi a ido, ka duba abu uku.

Na farko, nawa ne ake gani? A otomatik akwai rota, wato rabin faifan ƙarfen nan mai juyawa, kuma ta rufe rabin injin a kowane lokaci. Injuna irin su Seiko 7S26 da NH35 da Miyota 8215 dawakan aiki ne, suna shekaru ba su gaza ba, amma fuskarsu farin ƙarfe ce kawai ba ado. Wanda bai taɓa mallakar agogon inji ba zai ji daɗin ganin ƙafar balans, wato ɗan zoben da ke daidaita bugun inji, tana kai da komo, kuma wannan dalili ne mai kyau. Sai dai yawancin mutane bayan wata guda ba sa sake juya agogon. Injin da ake wanawa da hannu, kamar ETA 6497 ko Seagull ST19 mai agogon tsere, ba shi da rota, komai a fili yake. Irin wannan rufe shi da ƙarfe asara ce.

Na biyu, injin ya cika gidan? ETA 2824-2 faɗinsa milimita 25.6 ne, NH35 kuma 27.4. Idan aka sa irinsu a gida mai faɗin milimita 43 ko 44, tagar za ta zama 'yar ƙarama a tsakiyar faffaɗan ƙarfe, wani lokacin har ana hango farin zoben roba da aka cike gurbin da shi. ETA 6497 mai milimita 36.6 yana cika gida har baki.

Na uku, aikin hannu. Nemi layukan ado a kan faranti, da ƙananan da'irori masu hawa kan juna, da gefuna da aka goge suna ƙyalli. Kan sukurori ya zama lafiya lau, ba a ci bakinsu ba. Ƙura ko zaren auduga ko shatin yatsa a cikin sabon agogo alama ce ta wurin haɗawa marar tsabta, kuma a nan gilashin ya yi maka amfani tun kafin ka biya.

3. Duba yadda aka ɗaure murfin

Wannan ya fi batun ƙarfe ko gilashi muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Iri uku za ka fi gamuwa da su.

Mai dannawa: bayansa sumul, sai ɗan leɓe a gefe inda ake zura wuƙar buɗewa. Shi ne mafi rauni. Kowace buɗewa tana ɗan sassauta shi, kuma yawanci lambar juriyarsa ga ruwa ba ta wuce mita 30 ko 50.

Mai ƙananan sukurori: guda 4, 6 ko 8 a kewaye. Casio F-91W guda 4 gare shi. Yana riƙewa sosai idan an ɗaure sukurorin daidai wa daida.

Mai murɗawa: murfin kansa yana da zare, ana murɗa shi cikin gidan kamar murfin kwalba. Za ka gane shi da ramuka, galibi 6, a kewayen gefensa, ko kuma ƙananan haƙora irin na Rolex. Shi ya fi matse zoben roba mai hana ruwa shiga, shi ake sa wa agogunan nutso.

Murfin gilashi mai murɗawa ya fi murfin ƙarfe mai dannawa tsare ruwa. Riƙe wannan, domin ita ce amsar masu cewa kowane na ƙarfe ya fi.

Gargaɗi: karanta rubutun da ke jikin murfin. Idan an rubuta STAINLESS STEEL BACK, murfin ne kaɗai ƙarfe marar tsatsa, sauran jikin tagulla ne ko gamin tutiya da aka yi wa rufi. Gumi zai cinye rufin a daidai inda murfi ya haɗu da jiki, wurin ya yi ramuka-ramuka, daga nan ko sabuwar roba ba za ta tsare komai ba. Nemi wanda aka rubuta wa ALL STAINLESS STEEL.

4. Ruwa, gumi da alwala

Murfin ƙarfe yana da roba ɗaya, siririn zobe tsakaninsa da jikin agogo. Murfin gilashi yana da biyu: waccan, da kuma wani zobe mai tauri da aka danna gilashin a cikinsa. Ƙofa biyu ke nan maimakon ɗaya. A agogo mai inganci wannan ba abin damuwa ba ne. Omega Seamaster Diver 300M na yanzu bayansa gilashin safaya ne, kuma yana jure mita 300. Seiko 5 Sports da aka fitar a 2019 bayansa gilashi ne, yana da mita 100. Matsalar tana ga agogunan da ba a san kamfaninsu ba, inda ake liƙa gilashin da gam kawai. Gam yana bushewa da zafi ya tsage. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ga yadda za ka karanta lambar:

- Mita 30, ko 3 BAR: yayyafi da fantsamar wanke hannu kawai.
- Mita 50: ruwan sama da wanke hannu ba fargaba, amma ba wanka ba.
- Mita 100: iyo.
- Mita 200 tare da kalmar DIVER'S: an gwada shi bisa ƙa'idar ISO 6425 ta agogon nutso.

Mai alwala sau biyar a rana ya lissafa: sau 150 ke nan a wata agogo yana kusantar ruwa. Wasu suna cirewa su ajiye, wasu suna tura shi sama su wanke su mayar da shi kan jiƙaƙƙen hannu. Idan kana cikin na biyun, ruwa yana kwanciya ne a ƙarƙashin murfi, daidai bakin roba, ya gauraya da gishirin gumi. Kada ka sayi abin da ya gaza mita 50, mita 100 mai murɗawa ya fi. Idan kuma kana cikin masu cirewa, tuna cewa a kan siminti ko tayil ko bakin famfo za ka riƙa ajiye shi, kuma bayansa ne zai taɓa ƙasa. Ƙarfe zai karce ya ci gaba da aiki. Gilashi yana iya ɓantarewa.

Gwajin da za ka iya yi ba tare da na'ura ba: ɗumama agogon ya kai kamar digiri 40 zuwa 45, misali a riƙe shi kusa da fitila mai zafi na ɗan lokaci, sannan ka ɗiga ruwan sanyi ɗigo ɗaya a kan gilashi, ka jira minti ɗaya, ka goge. Idan hazo ya fito ta ciki, akwai danshi a agogon. Wannan yana nuna ruwan da ya riga ya shiga ne kawai. Sanin ko robar tana riƙewa sai da na'urar gwajin matsin iska.

Gargaɗi: ruwan zafi da sabulu da turare suna tsofar da roba. Fesa turarenka, ya bushe, sannan ka ɗaura agogo. Idan ka ga ɗigon ruwa a ciki, kada ka binne shi a shinkafa, ba ta janye ruwan da ke cikin rufaffen gida. Kai shi wurin mai gyara a ranar, domin tsatsa tana fara cin ƙananan ƙarafan cikin kwana kaɗan.

5. Maganaɗisu

A nan ne aka fi yin kuskure. Ana cewa murfin ƙarfe yana kare inji daga maganaɗisu. Ƙarfen 316L da ake yin yawancin agoguna da shi ba ya kama maganaɗisu, don haka ba ya tare shi, wucewa yake yi kamar yadda zai wuce gilashi. Abin da ke karewa shi ne wani kwanon baƙin ƙarfe mai laushi da ake sawa a ciki ya lulluɓe injin gaba da baya. Haka aka yi Rolex Milgauss na 1956 mai jure gauss 1,000 (gauss ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), haka kuma IWC Mark XVIII. Irin waɗannan dole bayansu ya kasance a rufe, tunda ko an sa gilashi kwanon kawai za a gani.

Hanya ta biyu ita ce a yi sassan injin da abin da maganaɗisu ba ya kamawa. Omega ta bi wannan hanyar da zaren balans na silikon, agogunanta masu shaidar Master Chronometer suna jure gauss 15,000 da gilashinsu a baya. Ƙa'idar ISO 764 ta agogo mai jure maganaɗisu kuwa kusan gauss 60 kawai take nema.

Wa ya kamata ya damu? Mai gyaran waya da rediyo, mai aikin lasifika, makanikin janareto da mai naɗin koyil, ma'aikacin asibiti da ke kusa da na'urar hoton MRI, da duk mai ɗora agogo a kan waya ko kwamfuta idan zai kwanta. Alamar ita ce agogo ya fara gudu, ya ƙara mintuna a rana ɗaya, saboda zagayen siririn zaren balans sun manne da juna. Kusanto da shi ga kamfas. Idan allurar ta karkata sosai, ya kamu. Mai gyara zai cire masa cikin ƙasa da minti ɗaya da ƙaramar na'ura, ba sai an buɗe ba.

Gargaɗi: wannan gwaji da wannan na'ura ba na agogon batir ba ne. Shi yana da maganaɗisu a cikin motarsa tun asali, kamfas zai motsa ko lafiyarsa ƙalau.

6. Kauri, da yadda yake zama a hannu

Murfin gilashi yakan ƙara rabin milimita zuwa milimita ɗaya, domin gilashin da zai jure matsi ya fi ƙarfe kauri, ga kuma zoben da ke riƙe shi. Amma a auna agogon gaba ɗaya, kada a yi zato. Omega Speedmaster na 2021 mai bayan gilashi kaurinsa milimita 13.18 ne, mai bayan ƙarfe kuma 13.58, saboda gilashin gabansa ya fi tudu.

Ɗaura shi, ka saki hannun rigarka. Kaftani mai hannun links ba ya son agogon da ya wuce milimita 12. Daga 13 zuwa sama bakin hannun zai riƙa maƙalewa a kai, yana tattarewa, guga ta lalace tun kafin azahar. Lanƙwasa tsintsiyar hannu baya kamar za ka dafa ƙasa. Idan agogon ya yi tsaye a kan tudun murfinsa yana rangaji hagu da dama, haka zai yi maka kullum.

Bar shi a hannu minti goma idan mai shago ya yarda. A zafin bazara, lokacin da Kano da Sakkwato da Maraɗi suke haura digiri 40, gilashi yana mannewa da fata mai gumi, ka ɗaga shi ka ga tafkin gumi a zagaye. Murfin ƙarfe mai zane mai zurfi shi kuma yana tara dauɗa a ramukansa, yana barin shati a fata. Sumul ɗin ƙarfe mai ɗan tudu ya fi kowanne daɗi a zafi.

Masu ƙaiƙayin fata su lura. Ƙarfen 316L yana da nikel kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari. Yawancin mutane ba ya damunsu, amma wanda ɗan kunne ko kan bel yake sa wa ƙuraje zai fi samun sauƙi da gilashin safaya ko murfin taitaniyom. Zoben da ke kewaye da gilashin dai ƙarfe ne, yana taɓa fata.

Idan maɗaurin yadi za ka sa, irin wanda ake zurawa ta ƙarƙashin agogo, ya rufe tagar gaba ɗaya, ya kuma ƙara kauri. Kuɗin gilashin ya tafi a banza.

7. Wane irin gilashi ne

A ma'aunin tauri na Mohs, safaya tana 9, lu'ulu'u 10, gilashin minaral tsakanin 5 da 6, yashi kuma 7. Ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan teburi da tagogi tana ɗauke da ƙwayoyin yashi. Ka ajiye agogo a kai, ka ja shi, gilashin minaral ya samu zane. Safaya ba ta karcewa da yashi, sai dai ta fi saurin ɓantarewa idan ta daki abu mai tauri.

Kada ka ɗauka idan gaban safaya ne bayan ma haka. Kamfanoni da yawa suna sa safaya a gaba, minaral a baya, don rage kuɗi. Tambayi na bayan daban. Ɗigon ruwa yakan dunƙule a kan safaya, ya baje a kan minaral, amma maiƙo ko rufin hana ƙyalli yana ɓata wannan gwaji. Na'urar gwada lu'ulu'u ta masu sayar da gwal ta fi tabbas. Bi gefen gilashin da farce. Idan ya ɗan nutse ƙasa da zoben ƙarfen, zoben ne zai riƙa taɓa teburi, kuma haka ake so.

8. Idan kyauta ce, ko za a yi rubutu

Agogon lefe, ko na ango, ko na wanda ya yi ritaya, sau da yawa ana so a rubuta suna da kwanan wata. Wannan aikin murfin ƙarfe ne mai fili a tsakiya. Murfin gilashi siririn zobe kawai gare shi, kuma kamfani ya riga ya cika shi da lambobi. Rubutun leza ya fi tsabta kuma ba ya nutsawa sosai. Idan da injin sassaƙa za a yi, a cire murfin tukuna, kada girgiza ta shiga inji, kuma murfi mai dannawa siriri ne, yana lotsawa. Kada a taɓa lambar agogon. A guji rubuta sunan Allah ko aya, tunda wuri ne na gumi, kuma ana shiga bayi da agogo. A sani cewa suna a baya yana karya farashi ranar sayarwa, kuma a tambayi dila ko rubutun zai taɓa garanti kafin a yi.

9. Jabu da na hannu

Shekaru da dama Rolex ba ta yin bayan gilashi, in ban da Cellini Prince. Sai a 2023 ta sa shi a Daytona na filatinom da Perpetual 1908, sannan Land-Dweller a 2025. Saboda haka Submariner ko Datejust ko GMT-Master mai gilashi a baya, ko dai jabu ne ko an sauya masa murfi. Bayan waɗannan na asali galibi sumul yake, ba tambari ba rubutu.

A Seiko, lambar da ke bayan murfi tana da kashi biyu, kamar 7S26-0020 na SKX007. Kashin farko sunan inji ne, na biyu na gida. Idan murfin gilashi ne, duba rubutun da ke kan rota, dole ya yi daidai da kashin farko. A lambar siriyal mai guda 6 kuma, ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar ƙira, ta biyu wata: 1 zuwa 9, sai O, N, D na Oktoba, Nuwamba da Disamba.

A agogon da aka riga aka yi amfani da shi gilashi yana taimakon mai saye ƙwarai. Nemi jan tsatsa a kan sukurori, da tabon ruwa da ya bushe, da shatin da'ira a kan faranti inda rota take gogawa, wanda ke nuna cibiyarta ta ci. Girgiza shi kusa da kunne. Ƙarar juyawa ba laifi, Miyota 8215 ma an san ta da ita, amma ƙarar karce matsala ce. Idan bayan a rufe yake, ba a cinikin biri a sama. Ku je wurin mai gyara tare da mai sayarwa, a buɗe a gabanka. Duba cikin murfin ma, domin masu gyara sukan rubuta ranar da suka yi sabis a nan. Wanda ya ƙi a buɗe, bar masa kayansa.

Gargaɗi: gilashi ba shaidar asali ba ne. Masu jabu suna liƙa farantin ado mai sunan kamfani a kan inji mai araha. Kwatanta wurin da ƙafar balans take da hoton injin na asali. Faranti yana ɓoye rubutu, amma ba ya matsar da balans daga inda yake.

10. Lissafin kuɗi

Yi lissafin da dala, tunda farashin agogo da kayan gyaransa ita suke bi. A ƙananan agoguna bambancin kusan babu, Seiko 5 da gilashinsa yake zuwa. A manya akwai shi. Da aka fitar da Speedmaster mai inji 3861 a 2021, mai bayan ƙarfe da maɗaurin ƙarfe dala 6,300 ne, mai bayan safaya 7,150. Injin ɗaya ne, sai dai na biyun gabansa ma safaya ne.

Kuɗin sabis bai dogara da murfi ba, da inji yake tafiya. Roba ita ce mafi araha cikin kayan agogo, kuma ita ce ke tsare mafi tsada. Inda bambanci yake shi ne ranar haɗari. Murfin ƙarfe da ya karce ana goge shi ko a bar shi haka. Na gilashi da ya fashe, kamfanoni galibi ba sa sayar da gilashin shi kaɗai, sai murfin gaba ɗaya, a yi odarsa daga waje, a jira makonni. Ɓarɓashin gilashin kuma idan ya zuba cikin inji sai an wanke shi duka. Da zarar ya fashe, ja maɓallin saita lokaci zuwa waje don injin ya tsaya idan irin mai tsayawa ne, kada ka girgiza, kada ka wana.

11. Idan kana so ka sauya murfin

Agoguna masu farin jini kamar SKX007 ana samun murfin gilashi na kasuwa da ya dace da su. Ka sani sauyin yana zubar da garanti, kuma lambar mita da ke kan fuskar agogon ba ta da tabbas har sai an sake gwadawa. Adana murfin asali, lambar agogon tana jikinsa.

Kayan aiki: maƙalin riƙe agogo, sifana mai haƙora uku ko ƙwallon roba mai kamawa, famfon hura iska na roba, sabuwar roba daidai girman tsohuwar, da giris ɗin silikon.

1. Yi aikin a rufaffen ɗaki, a kashe fanka. Buɗe agogo a bakin titi lokacin hunturu zuba masa yashi ne.
2. Cire maɗauri, ka goge dauɗar da ke kewayen murfi da busasshen buroshi kafin ka buɗe. In ba haka ba ciki za ta faɗa.
3. Ɗaure agogon a maƙali. Gwada ƙwallon roba tukuna, ba ya karce komai. Idan ya ƙi, saita haƙoran sifana su zauna daram a ramuka, danna ƙasa da ƙarfi, murɗa hagu. Dogon karcen nan da ake gani a bayan tsofaffin agoguna daga zamewar sifana yake, ko daga almakashi da wasu ke buɗewa da shi.
4. Kada yatsa ya taɓa inji, kada ka hura da baki. Numfashi danshi ne.
5. Shafa wa sabuwar roba giris kaɗan, ta yi sheƙi kawai. Man inji da man shafawa na jiki suna kumbura roba. Zaunar da ita a raminta ba murɗewa.
6. Ɗora sabon murfi, juya shi hagu a hankali har ka ji ya faɗa kan zare, sannan ka murɗa dama da yatsu. Idan ya cije tun zagayen farko, ya hau zare a karkace, warware ka sake. Sifana ta ƙarshe ce kawai, a matse ba a ƙure ba.
7. Idan mai sukurori ne, ɗaure su ɗaya da na tsallakensa, kaɗan-kaɗan, don robar ta matsu daidai ta kowane gefe.
8. Juya agogon ka ga rota tana lilo da kanta. Idan tana tsayawa ko tana goga, murfin bai da zurfin da ake buƙata, cire shi nan take.
9. Kai shi a yi masa gwajin matsin iska kafin ya taɓa ruwa.

Murfi mai dannawa na gilashi kada a rufe shi da babban yatsa ko a matse da filaya. Sai da injin dannawa, da kofin da ya hau zoben ƙarfen kaɗai bai taɓa gilashin ba.

12. Ranar da ka kawo shi gida

Ɓare ledar da aka liƙa a bayan murfi, ko ta ƙarfe ce ko ta gilashi. Mutane suna barinta don agogo ya zauna sabo, amma gumi yana shiga ƙarƙashinta ya kwanta, gishirinsa ya ci ƙarfen. Goge bayan agogon da ƙyalle mai ɗan danshi duk dare a lokacin zafi, ka bi bakin murfin da tsohon buroshin haƙori sau ɗaya a mako. Ajiye shi a kan ƙyalle, nesa da waya da lasifika. Ɗauki hoton lambar da ke baya ka haɗa da rasit. A sauya roba duk lokacin da aka buɗe agogon, ko bayan shekara 2 zuwa 3 ko da ba a buɗe ba, kuma ka ce mai gyara ya nuna maka tsohuwar da ya cire.